Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu otal-otal da gidajen abinci: a bar mata su kai ga murhu da makullin sito

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhazai da Hajiyoyi, ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan kasuwa tana albarka, wannan takarda ta fito ne daga mata masu sana'ar girki da masu koyar da ita, zuwa gare ku masu otal-otal da gidajen cin abinci da masu karɓar kwangilar abincin biki da taro a Kano da Kaduna da Abuja da Jos da Sakkwato da sauran garuruwanmu. Magana ɗaya ce ta kawo mu: mata sun cika kicin ɗinku, amma an tsare musu hanyar zama shugabannin kicin, kuma yawancin abin da ya tsare hanyar yana hannunku ku gyara.

Ku leƙa bayan kicin ranar da kuke da abincin mutum 500, tun ƙarfe biyar na asuba. Za ku tarar da mata a kan kujeru 'yan tsugune sun kewaye kwandunan tattasai da attaruhu, wata tana feren doya, wata tana gyaran kaji, wata ta yanka albasa har idonta ya kaɗa. Su za su tsince shinkafa, su wanke nama, su kai markaɗe, da yamma kuma su kankare ƙanzo. In rana ta ɗaga sai kuku ya shigo da farar riga da doguwar hula, ya tsaya gaban murhu, ya ɗanɗana, ya ba da umarni. In baƙo ya ji daɗin abinci shi za a kira a yaba wa, ƙarshen wata kuma shi ke da albashi mai kauri. Mace mai shekara goma a wannan kicin sunanta dai "mai taimako" ko "Mama", yaron da ta koya wa riƙe wuƙa kuwa cikin shekara biyu ya zama "shef". Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan tsari gado ne aka ɗauko. Auguste Escoffier, Bafaranshen da ya yi girki a rundunar soja lokacin yaƙin 1870, shi ya tsara kicin na manyan otal kamar bariki lokacin da ya kama aiki a otal ɗin Savoy na Landan a 1890: shugaba, mataimakinsa, sannan mai miya, mai nama, mai kifi, mai kayan fulawa, kowa da kurtunsa. Kalmar "shef" kanta a Faransanci shugaba take nufi. Maza aka gina wa tsarin, haka kuma ya iso mana, domin Turawan mulki maza suka riƙa ɗauka a matsayin kuku a gidajensu, otal-otal ɗinmu na farko suka bi sawu. Amma ko a Faransar mata sun nuna abin da suka iya. Eugénie Brazier ta buɗe gidan abincinta a birnin Liyon a 1921, a 1933 kuma kundin Michelin, mai auna darajar gidajen abinci da taurari ɗaya zuwa uku, ya ba gidajenta biyu taurari uku-uku, shida ke nan, abin da babu wanda ya riga ta samu. Paul Bocuse, wanda duniya ta ɗauka uban girkin Faransa na zamani, a hannunta ya yi koyo. Duk da haka, daga 1951 da Marguerite Bise ta samu taurari uku, sai a 2007 wata mace, Anne-Sophie Pic, ta sake samu a ƙasar. Shekara 56 ke nan, a ƙasar da mata ba su daina girki ko na yini ɗaya ba.

A wurinmu al'ada ta raba sana'ar abinci tun da daɗewa. Tsire da balangu da kilishi na maza ne, tuwo da waina da ƙosai da fura na mata. Ba mu zo karɓe wa mahauta sana'arsu ba. Abin lura shi ne, mai tuwo-tuwo da ke ciyar da mutum 200 kullum a bakin tasha ita ce mai cefane, ita ce mai lissafi, ita ce mai sallamar yaranta. Ranar da aka sa wa irin wannan aiki tayil da fanka da takardar albashi, sai a ce ya fi ƙarfin mace. Dalilan da ake kawowa guda nawa ne, kuma kowanne yana da amsa.

Na farko nauyi. A ce mace ba za ta iya ɗaga tukunya ba. Gaskiya ne: buhun shinkafa kilo 50 ne, jarkar man gyaɗa mai lita 25 ta kai kilo 23, tukunya mai lita 60 in ta cika ta haura kilo 60 ban da nauyin ƙarfenta. Sai dai hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta nuna cewa ko namiji, in zai ɗauki kaya daidai ƙugu kuma a manne da jiki, kilo 25 ne ma'auninsa, mace kuma kilo 16. Ke nan buhun nan ya ninka abin da ya dace da namijin ma, shi ya sa ciwon baya ya zama ciwon tsofaffin kukuna. Gyaran ba mai tsada ba ne. A juye shinkafa da fulawa cikin bokitai masu murfi na kilo 10 zuwa 15 tun a sito. A sayi kurar tura kaya mai taya huɗu. A jawo famfo ko tiyo zuwa kan murhun manyan tukwane, a riƙa cika su a inda suke. Murhun babbar tukunya ya zama gajere, daidai gwiwa, yadda mai juyawa da muciya ba za ta ɗaga kafaɗa ba. In an gama dahuwa kada kowa ya sauke tukunya da zafinta. A kwashe da babban ludayi cikin farantai masu faɗi marasa zurfi. Wannan na ƙarshe ma kariya ce ga baƙinku, domin shinkafar da aka bari ta huce a babbar tukunya tsakiyarta tana daɗewa da ɗumi, a nan ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa. Abincin da za a ajiye da zafi kada ya sauka ƙasa da digiri 63 a ma'aunin Salshiyas, wanda za a sanyaya kuma ya shiga firji cikin awa biyu, firjin yana ƙasa da digiri 5.

Juriya kuwa, wadda ta tuƙa tuwon biki ta san amsar. A watan Mayun 2023 a Legas, Hilda Baci ta yi awa 93 da minti 11 tana girki, kundin Guinness na bajintar duniya ya tabbatar mata.

Na biyu sutura, kuma a nan ne ake yawan kuskure ta ɓangare biyu. Wasu manajoji sukan ce sai mace ta cire hijabi, wasu kuma su bar ta gaban wuta da dogon hijabi na yadin roba yana lilo. Na farko ya kori mata masu kamun kai daga sana'ar, na biyu haɗari ne, domin yadin roba in ya kama wuta narkewa yake yi ya manne a fata. Abin da ya dace shi ne ɗan hijabi na auduga mai kama fuska, wanda ya rufe wuya, a cusa bakinsa cikin rigar aiki, babu allura babu fil da zai faɗa cikin abinci. Rigar ta kasance ta auduga mai kauri, gabanta ninki biyu, mai dogon hannu, ta sauko har cinya, da wando mai yalwa da dogon gyauton aiki a kai. A ɗinka daidai jikin mace. Rigar namiji da aka miƙa mata hannunta yakan wuce yatsu, ya shiga mai ko ya kama hannun kasko, man suya kuwa yana kai digiri 180. Takalmi rufaffe mara santsi, a sayo har da lamba 37 zuwa 40. Sau da yawa manya kawai ake sayowa, mata su ƙare da silifas a kan jiƙaƙƙen tayil. Zobe da awarwaro da farcen kanti a cire kafin a shiga, agogon maza ma haka.

Na uku dare. Abincin dare shi ne inda ciniki yake, a nan ake gane gwani, kuma daga cikin masu riƙe shi ake zaɓen shugaba. In kun keɓe mata ga aikin safe kaɗai da sunan tausaya musu, kun rufe musu ƙofar girma ko da ba ku yi niyya ba. Damuwar iyaye da mazaje a kan dare gaskiya ce, mafi yawanta kuma a kan hanyar komawa gida take. A watan Yulin 2022 gwamnatin Kano ta hana adaidaita sahu aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, kicin kuwa in an daina karɓar oda ƙarfe 10, goge-goge da wanke-wanke sai sun ci awa ɗaya. Maganinsa mota ɗaya da direba sananne, da takardar da ke nuna wa aka sauke, a ina, ƙarfe nawa, kada kuma a bar mace ɗaya ita kaɗai ta zama ta ƙarshe a motar. A liƙa jadawalin aiki mako guda kafin lokaci, a daina raba yini biyu, wato a ce ta zo da safe, ta tafi da azahar, ta dawo da magariba, domin wannan kuɗin mota biyu ne da yini guda a banza. Wadda ta ce safe kawai za ta iya, a mutunta zaɓinta. Wadda ta ce za ta iya dare, kada a yanke mata hukunci a bayan idonta.

Sai batun ciki da haihuwa, wanda ya sa wasu ke tambayar mace ranar ganawa ko tana da niyyar aure. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, sashe na 54, ta riga ta yi magana: hutun mako shida kafin haihuwa in ta kawo takardar likita, mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida tana aiki, da rabin awa sau biyu a yini don shayarwa, kuma ba a ba ta takardar kora tana cikin wannan hutu. Mako goma sha biyu ne, kuma ana sanin zuwansa wata da watanni, saɓanin kukun da zai tashi dare ɗaya ya koma otal ɗin da ya ƙara masa kuɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun ciki yana wata huɗu ko biyar a fara koya wa wanda zai riƙe mata wuri, ita kuma a janye ta daga gaban wuta da ɗaukar kaya zuwa sashen kayan sanyi, ko na fulawa, ko teburin da ake duba kowane faranti kafin ya fita, a ba ta kujera, muƙaminta da albashinta suna nan. Kuskuren da aka saba shi ne ta dawo ta tarar an mai da ita yankan albasa. Daga nan sai ta bar aikin ta koma sayar da cincin da kek daga gida ta WhatsApp, ku kuma ku yi asarar gwanar da kuka yi shekaru kuna horarwa.

Akwai maganar da ba a son faɗa, amma dole mu faɗe ta. Cin zarafi a kicin yana da wuraren da ya saba faruwa: cikin sito, cikin ɗakin sanyi, a matsattsen lungu tsakanin murhu da tebur inda ake fakewa da "wucewa zan yi", da wurin canza kaya in babu ƙofa mai sakata. Yana kuma da makami, wato jadawali. Wanda ke da ikon ba da hutu, da raba aikin biki mai ɗan ƙarin kuɗi, da rubuta wa mutum laifi, in ya nemi yarinya ta ƙi, ba sai ya ɗaga murya ba. Zai jera mata wanke-wanke mako uku har ta gaji ta tafi. Yawanci bazawara ce ko marainiya mai ciyar da gida, ta san in ta yi magana a gida za a ce ta bar aikin, in ta yi a wurin aiki a ce ita ta ja. Saboda haka rashin jin ƙara ba ya nuna babu abin da ke faruwa.

Ku sa gilashi a ƙofar sito, ku tabbatar ɗakin sanyi yana buɗuwa ta ciki, ku bar tazarar da ta kai mita ɗaya da 'yan kai tsakanin layukan aiki yadda mutum biyu za su wuce ba gogayya. Kyamara a baranda da bakin sito, ban da wurin canza kaya. Banɗakin mata daban, da ɗan wurin salla. Ku naɗa mutum biyu masu karɓar ƙara, ɗaya mace, kuma kada ko ɗaya ya kasance a ƙarƙashin shugaban kicin. A rubuta ƙarar a ranar, da kwanan wata da wuri da wanda ke kusa, a saurari kowane ɓangare shi kaɗai, a yanke magana cikin mako biyu. Kafin a gama bincike, wanda ake ƙara ne za a sauya wa wuri ko lokaci, domin in mai ƙarar aka ɗauke, duk sauran mata sun gane darasin, ba wadda za ta sake buɗe baki. Kada a haɗa su a ofis a ce "ku yafi juna" alhali ba a bincika ba. Ku sani kuma Najeriya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan cin zarafi a wurin aiki a Nuwamban 2022, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da hurumin sauraron irin wannan ƙara. Kafin kotu ma, 'ya'yan mutane amana ce a hannunku.

Yanzu ga abin da ya fi komai tsare hanya, ko da an gyara duk na sama. Daɗin hannu kaɗai ba ya mai da mutum shugaban kicin. Shugaba shi ne wanda ya san buhu ɗaya zai fitar da faranti 400 in ana zuba giram 125 na ɗanyar shinkafa ga kowane mutum, in kuma ya fitar da 330 ya san inda zai bi ya gano ɓarnar. Ya san kaza tana rage kusan kwata na nauyinta a gashi, don haka da nauyin dafaffe ake lissafi. Ya san in kayan faranti sun ci naira 1,500 kuma ana son kada su wuce kashi 30 cikin ɗari na farashi, to naira 5,000 za a sayar. Ya iya rubuta odar mako, ya iya karɓar kaya da sikeli, ya mayar da kifin da idonsa ya dushe, ya jera sito yadda tsohon kaya zai riga sabo fita. Duk wannan a sito da gaban littafi ake koyonsa, kuma nan ne ba a kiran mata. Muna roƙon ku sa duk wanda ya shekara a kicin, mace ko namiji, ya zagaya: wata uku a gyaran kaya, wata uku a miya da shinkafa, wata uku a nama da gashi, wata uku tare da mai sito yana ƙidayar ƙarshen mako da hannunsa. Wadda karatunta bai yi nisa ba, kalkuletar waya da sikeli da littafi mai layi sun ishe ta farawa. Matar da ke riƙe adashin mutum talatin a ka ba lissafi ne zai gagare ta ba.

In gurbi ya samu, sai an gwada akan san na ƙwarai. A ba kowa kaya iri ɗaya da lokaci ɗaya: ya yanka albasa kilo biyu, ya raba kaza gida takwas, ya dafa jalof na mutum ashirin da miyar taushe, ya rubuta abin da faranti ɗaya ya ci. A sa wa farantai lamba, masu ɗanɗanawa su zauna a waje ba su san na wane ne ba. A duba tsaftar teburinsa da yawan abin da ya zubar a shara. Wanda ya ci, ya ci.

In mace ce ta ci, aikinku bai ƙare ba. Za a samu wanda zai ce shi mace ba za ta ba shi umarni ba, ya riƙa tsallake ta yana zuwa wurin manaja. Ku tara ma'aikata ku faɗa da bakinku cewa ita ce shugaba, ku miƙa mata makullin sito a gabansu, kada kaya ya fita sai da sa hannunta, duk wanda ya tsallake ta a mayar da shi gare ta. In ta yi kuskure a gyara mata a ofis kamar yadda ake yi wa namiji. Hajiyoyi masu kamfanonin abincin biki, wannan har da ku, domin da yawanku da hannunku kuka fara, amma da kasuwa ta buɗe sai kuka ɗauko namiji kuka ɗora a kan matan da kuka taso tare. Haka in baƙo ya ce a kira masa wanda ya yi girkin, a kira wadda ta yi.

Game da albashi, doka ta 2024 ta sa mafi ƙarancinsa naira 70,000 ga mai ma'aikata 25 ko fiye, Dokar Ƙwadago kuma ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku. Mata da yawa a kicin suna nan a matsayin 'yan aikin yini shekara da shekaru, babu takarda, babu hutu, kuɗin magani in mai ya ƙona su sai abin da aka ga dama. Ƙarshen watan nan, in an kawo muku takardar albashi ku sa hannu, ku ɗauki biro ku rubuta abu uku a gaban sunan kowane ma'aikacin kicin: shekarunsa a wurin, aikin da yake yi da hannunsa a zahiri, da abin da ake biyansa. Inda kuka ga mutum biyu suna aiki ɗaya kuɗinsu ya bambanta, ku tambayi manaja dalili. Inda kuka ga mace tana riƙe da sashe amma an rubuta ta mai taimako, a gyara sunan muƙamin da kuɗinsa kafin albashin wata mai zuwa.

Allah ya ƙara wa kasuwa albarka, ya ba ku ikon sauke nauyin waɗanda ke ƙarƙashinku.

Wassalam,
Daga wasu mata masu sana'ar girki da malaman koyar da ita.